Turmi Shida

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya labarin nan a raina, in rubuta ko in bari. Abin da ya tunzura ni wata yarinya ce da ta shigo gidanmu makon jiya tana sharɓar kuka, wai mijinta ya hana ta kuɗin ankon bikin ƙawarta, ita kuma ta rantse ba za ta taka gidan bikin da tsohon kaya ba. Na dube ta, sai na ga kaina. Bakina ya yi nauyi, ruwa kawai na iya miƙa mata. To, abin da na kasa faɗa mata ne zan rubuta. Ba zan kama sunan kowa ba, har sunan garinmu, don in ban da kakata duk mutanen cikin labarin suna raye, kuma gobe ma a gidan suna za mu haɗu.

An haife ni a 1984 a wani ƙauye na ƙasar Ringim, gefen kogin Haɗeja. Lokacin muna cikin jihar Kano, sai ina shekara bakwai aka yanke Jigawa, a 1991. Auren iyayena ya mutu tun ban yi wayo ba, don haka a ɗakin kakata ta wajen uba na tashi. Iya muke ce mata, ita kuma ba ta da sunan da take kirana sai kishiya.

Iya na cikin matan ƙarshe da suka yi kaɗi a garinmu. Da hantsi, in an gama daka da shara, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta ɗauko audugar da ta gurje ta shiɓe, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari cikin 'yar tasa. Yana juyi yana ƙugi kamar zuma ta shigo ɗaki, zare na fita daga hannunta siriri, ba ya tsinkewa. In ya taru a kai wa masaƙi, wani tsoho shi kaɗai ya rage da sana'ar. Takan ba ni labarin zamanin da mai hali ke aika ƙyallensa har Kura ko marinar Ƙofar Mata a Kano, a rina a buga, ya dawo baƙi wuluk yana sheƙi, irin wanda Buzaye ke naɗawa har shunin ya kama musu fuska.

A cikin adudunta akwai zanen saƙi guda ɗaya. Sawaye ne sirara aka haɗa da ɗinkin hannu, baƙi-baƙi da ɗigon fari kamar gashin zabuwa, ga nauyi kamar bargo. Ƙamshinsa daban ne, shuni da hayaƙi da kafur sun haɗu sun zauna a jikinsa. Mahaifiyarta ce ta kaɗa zaren. Da shi aka lulluɓe Iya aka kai ta ɗakin kakana, da shi ta goya babana ranar suna. Sau ɗaya a shekara take fito da shi ta shanya, bayan ruwa ya ɗauke. In na kai hannu ta doke ni, ta ce, “Kishiya, bari sai na mutu ki gaje mijin da zanen gaba ɗaya.” Wata rana kuma tana ninke shi ta ce da ni, “Kin san me ya sa ake ce wa tufa sutura? Rufin asiri ke nan. Ko mamaci ba a cewa an yi masa ado, sai dai a ce an yi masa sutura.”

Ni kuwa a lokacin maganar ba ta shige ni ba, don zanena biyu ne rak, wani lokaci ma ɗaya. In na wanke sai in ɗaura na Iya in zauna gindin igiya. Yara suka gano, suka laƙaba mini “jira ya bushe”. Kayan Sallah kuwa da gangan ake ɗinka mini su da yalwa don su kai Sallah ta gaba. Ranar idi ina kallon 'ya'yan waɗanda iyayensu ke zuwa ci-rani Legas, da rigunansu 'yan kanti da takalmi mai ƙwas-ƙwas, ni kuma hannun rigata ya rufe yatsuna. Ba yunwa na tashi da ita ba, Allah ya sani, tuwo bai taɓa yanke mana ba. Abin da ya zauna mini a ƙirji kallon da ake yi wa zanena ne.

A 2001 aka yi mini aure, ina da shekara 17. Manomi ne, shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu, mutum ne mai kunya da ƙarancin magana. Ranar da aka kawo lefe ina cikin ɗakin Iya, bayan asabari, ina jin komai. Duk wadda ta tashi a ƙauye ta san yadda ake yi. Mata su cika tsakar gida, a ajiye akwati a tabarma, wata gwaggo mai baki ta buɗe, ta riƙa ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunansa, ana guɗa. Zani ya zaga hannu-hannu. Wannan ta murza gefensa ta ji kauri, waccan ta juya ta ga ko ciki da baya iri ɗaya ne, wata ta leƙa bakinsa ta karanta tambari ko da ba ta iya karatu ba. Nawa akwati ɗaya ne. Mayafi biyu, takalmi, man shafawa, sabulu, sai atamfa. Gwaggo ta ƙirga da ƙarfi, ta tsaya a shida. Babu 'yar Holan ko ɗaya, duk atamfar gida ce ta masaƙun Kaduna, waɗanda a lokacin ba su gama durƙushewa ba. Yau da za a samu irin wannan auduga tsantsa da an yi rububinta, amma a ranar sunanta “ta gida”.

Aka ɗan yi shiru. Sai matar yayan ango, wadda za ta zama facalata, ta ce cikin dariya, “Ku yi haƙuri da kaɗan, ba kowa ake yi wa akwati uku ba.” Kowa ya san wadda aka yi wa akwati uku shekara uku baya, don mijinta yana da rumfa a kasuwar Gujungu. Mata suka kwashe da dariya, aka ba da tukuici, aka watse. Ni kuma na kifa kai a cinyar Iya na jiƙa mata zani. Wannan magana na ɗauka na shiga da ita gidan miji, gida ɗaya da mai maganar, sashe na kallon sashe. Ina ce mata Yaya, tana ce mini amarya har na haifi 'ya'ya biyar, amma ban taɓa ɗaura zani na fito tsakar gida ba tare da na saci kallon fuskarta ba.

Iya ta rasu a 2004. Saƙin ya dawo hannuna kamar yadda ta ce, na sa shi a gindin akwati.

A 2013 na ɗauki adashe, naira 40,000, na nemi izinin Malam na bi wata maƙwabciya zuwa Kantin Kwari. Ban taɓa ganin tufa mai yawa haka ba, shago tun daga ƙasa har rufi atamfa ce da leshi da shadda, 'yan dako na ratsa mutane da dila a ka suna “hanya, hanya”. Na je da wani hijabi da ya koɗe. Yaron shagon ya ce, “Baiwar Allah, me za a ba ki?” Ina tsaye har na gama sarin turmi goma. Bayan shekara guda na koma shagon nan cikin leshi da gyale, yaron nan dai ya miƙe tsaye, “Hajiya, bismilla, ga kujera,” ya aika a sayo mini lemo mai sanyi. Ni da ko filin jirgin Kano ban taɓa gani ba. Wallahi lemon nan ya fi komai bugar da ni a rayuwata.

Sana'ar ba ta da laifi, kuma da farko ta yi albarka. Turmi yadi shida ne, ya fitar wa mace riga da zani da ɗankwali. In kawo, in ba mata bashi, wata ta riƙa biya duk mako in ta sayar da ƙuli-ƙuli, wata sai kaka. Ribar turmi ba ta wuce ɗari uku zuwa biyar ba, amma tana taruwa. Mace a ƙauye ba ta da banki, turmin da ba a ɗinka ba shi ne ajiyarta, in ciwo ya taso cikin dare a ba dillaliya da safe a samu na asibiti. Da a nan na tsaya da ban da labarin bayarwa.

Anko ne ya buɗe mini ƙofa. Da muna yara ƙawayen amarya kaɗai ke yi. Sannu a hankali sai ga na iyaye, ga na dangin ango, ga na kamu, ga na wuni, har suna ma sai an fitar. Da waya ta yawaita, hotunan bikin birni suka riƙa shigowa ta WhatsApp, yarinyar da ubanta ke da buhu biyar a rumbu ita ma irin na 'yar Alhajin Kano take so. Na zama uwar anko a garinmu da ƙauyuka biyu na kusa. Uwar amarya ta zo ɗakina mu zaɓi launi, in saro, in raba.

Ba na cikin masu cewa anko haramun ne ko bidi'a, wannan na malamai ne. Yana da ranarsa. In an yi shi daidai ƙarfin mutane, yini guda matar mai kuɗi da matar talaka ba a gane su, dangi su fito kamar tsintsiya. Amma na ga ɗaya fuskar tasa da idona. Wadda ba ta sa ba a bakin zaure take zama, kwanon abinci sai ya zaga kowa kafin ya iso ta, in za a ɗauki hoto a ce ta ɗan matsa. Na san wannan zafin fiye da kowa, kuma da shi na yi kasuwa. In mace ta ce mini ba ta da hali, sai in yi murmushi in ce, “To shi ke nan, dama ke kaɗai kika rage.” Da magariba za ta aiko a karɓa. Na san wasu geron rumbun miji suke ɗiba a ɓoye su biya ni. Na sani, na kau da kai.

Ni kaina kuma duk sarin da na yi sai na zare turmi ɗaya, mafi kyau, in ce talla nake yi da jikina. Ba na maimaita kaya a biki biyu. Akwai ranar da na zauna na ƙirga, kala 31 ɗinkakku. Riba ta ƙare na shiga cin uwar kuɗi, uwar kuɗi ta ƙare na koma karɓar kaya bashi wajen Alhajin da nake sari, don ya yarda da ni. A wannan lokacin kasuwar mijin Yaya ta karye, kayanta ba su fi kala huɗu ba, ta wanke ta goge ta maimaita. In na fito ina ƙamshi sai ta ce, “Kai, amarya, kin yi kyau.” Ni kuma in ji wani sanyi a raina, in ce yau ina masu akwati uku. Har habaici nake yi mata in ana hira, wai wasu zanensu ya san hanyar gidan biki da kansa.

Malam kuwa babbar rigarsa ɗaya ce, farar shadda mai aikin hannu, ta ranar ɗaurin aurenmu. Ita ce Juma'a, ita ce idi, ita ce ta'aziyya. A wanke, a sa bula da sitaci, a goge da dutsen guga na gawayi. Wuyan ya cinye ya kai wa tela ya juya. Kunya nake ji in mun fita tare. Sau ɗaya ya taɓa tambayata, “Wai ribar ce ke ɗinka miki duk kayan nan?” Na ce ita ce. Ya ce Allah ya ƙara albarka, bai sake tayar da maganar ba.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 kaya suka tashi. A 2020 korona ta zo, aka rufe Kano, biki ya tsaya, masu bashina suka kasa biya. Na shiga cin bashin wannan in toshe na wancan. Na sayar da awakina biyu na ce wa Malam ciwo suke yi. Duk da haka ban daina ɗinki ba, don na san ranar da aka gan ni da tsohon kaya ranar za a gane na karye.

Farkon 2021 aka sa bikin 'yar wani babba a garinmu, ankon iyaye leshi ne mai duwatsu. Kuɗina suka gaza. Da azahar, gida ba kowa, na ɗaga kayan akwati na zaro saƙin Iya. Ƙamshin nan ya bugi hancina, sai da na zauna a bakin gado. Na mayar da shi, na sake ɗaukowa. Na aika aka kira dillaliya. Ta auna shi a hannu ta taɓe baki, “Wa zai sayi wannan yanzu? Sai dai masu wasan gargajiya.” Na roƙe ta ta fita da shi garin, kada ta nuna wa kowa a nan. Ta ce to. Bayan kwana uku ta kawo mini naira 7,000. Ba bashi na rage da su ba, ba magani na saya ba. Leshi na cika, na sa shi yini ɗaya, duwatsun suna kartar mini hannu.

Sai damunar 2022. Kogin namu daga madatsun Tiga da Challawa yake samun ruwa, ga kacala ta toshe masa hanyoyi a can ƙasa, ga sama ta ƙi ɗaukewa. A watan Satumba maza suka kwana uku a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. A lokacin ina da turmi 38 a ɗaki, ankon biki biyu da za a yi bayan kaka, duk na Alhaji ne, ko sisi ban biya ba. Cikin dare muka ji ihu jinga ta ɓalle. Kafin in laluba fitila ruwa ya kai gwiwa. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: autana yana kan gado yana kuka, ni kuma dilar atamfa na nufa ina ƙoƙarin ɗaga ta. Sai da Malam ya daka mini tsawar da bai taɓa yi ba, “Ki ɗauki yaron!” Sannan na dawo hayyacina. Na fita da zanen barci da shimi da guntun hijabin 'yata. Kwalekwale ya tsallakar da mu zuwa tudu, aka zuba mu a makarantar firamare.

A ajin da aka sa mu mata sun fi talatin. Da gari ya waye na duba, ban gane kowa ba sai da na kalli fuska. Hajiyar da ake shimfiɗa wa darduma a gidan biki ga ta da ɗaurin ƙirji, laka har ƙwauri. Maigarinmu ya fito da singileti da tawul a kafaɗa, rawani ya tafi da ruwa. Masu kawo agaji suka sauka daga mota, ɗaya ya tsaya a gabansa ya ce, “Baba, don Allah ina maigarin?” Tsohon ya yi shiru, sai wani ya nuna shi. Da aka kwance dilar gwanjo liman ya samu kwat, ni kuma rigar ƙwallo ta maza mai lamba 9 a baya. Kwana goma sha ɗaya ina cikinta, uwar anko guda.

Dare na biyu zazzaɓi ya rufe autana. Siminti ga sanyi, ga sauro, ba abin rufa. Ina rungume da shi yana karkarwa, sai na ji an yafa mana wani abu mai nauyi. Duhu ne, ban ga komai ba, amma hancina ya riga idona. Shuni, hayaƙi, kafur. Muryar Yaya ta ce a hankali, “Amarya, rufe yaron nan, akwai sanyi.” Ta koma wurinta ta kwanta.

Ban runtsa ba har asuba. Ashe dillaliya ba ta fita da shi ko'ina ba, sashen da ke kallon nawa ta shiga. Yaya ta gane shi, don ta sha ganin ina shanya shi. Daga baya na ji a bakin dillaliyar cewa sau uku ta biya kuɗin kafin ta cika. Shekara ɗaya da rabi ta san na kai matsayin sayar da zanen kakata, ina wuce ta da leshi ina yi mata habaici, ba ta taɓa buɗe baki ba, ko ga mijinta. Kuma da ruwa ya zo, cikin ɗan ƙunshin da ta iya fita da shi har da wannan.

Da ruwa ya janye muka koma. Ɗakina ya zauna. Muka tona da fartanya, turamen suka fito kamar an kwaɓa su da laka, masu arahar sun zuba, ja ya shiga kore, ga funfuna ga wari. Biyar kawai suka wanku. Kayana na akwati sun ruɓe, leshin nan duwatsunsa suka zube a hannuna. Littafin da nake rubuta masu bashi ya zama kunu, kuma ko yana nan wa zan bi? Kowa rumbunsa ya tafi. Abin da Alhaji ke bina, tsoho da sabo, naira 214,000.

A kan ɓaraguzan ɗakin na faɗa wa Malam komai, har awaki, har saƙi. Yana sanye da wandon gwanjo da ya ɗage masa, babbar rigar tasa ma ta tafi. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke, sannan ya ce, “Da me na rage ki?” Na rasa amsa, sai na ji bakina ya ce, “Turmi shida.” Bai gane ba sai da na warware masa. Ya dube ni ya ce shinkafar da ya noma a shekarar gaba ɗaya ya sayar, ba ta isa ba ya haɗa da kekensa, ya shekara yana zuwa fadama a ƙasa. Shekara 21 muna tare ban san wannan ba. Ban taɓa tambaya ba.

Tare muka je Kano, ni cikin hijabin aro. Yaron shagon bai gane ni ba. Alhaji ya saurare mu har ƙarshe, ya yi salati, ya yafe 50,000, ya ce sauran mu kawo yadda Allah ya hore. Allah ya saka masa da alheri. Da rani Malam ya tafi ci-rani yana tura kurar ruwa, mutumin da bai taɓa kwana wata guda a wajen garinsu ba. Ni kuma na koyi ɗinkin hula a wajen wata yarinya sa'ar 'yata. A zana fure a farin ƙyalle, ki bi shi da allura da zare, huda bayan huda, ido na ruwa, wuya na ciwo. Hula ɗaya takan ci mini mako uku. Mai saye ya zo ya taya da abin da bai kai kuɗin atamfar roba ba, ya kai a wanke a sa sitaci a yi mata kari, wani ya kafa ta ranar idi ana ce masa ranka ya daɗe. Shekara tara ina sayar da tufa ban taɓa tunanin hannun da ya yi ta ba. In na zare zare yanzu sai ƙugin mazarin Iya ya dawo mini a kunne.

Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi, huluna huɗu suka kwanta ba mai saye. A watan Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota zuwa Kano ya ninka, sai dai mu ba direba saƙo. A haka, dubu biyar yau, dubu goma wani watan, sai bayan kakar 2024 muka sauke nauyin nan.

Bikin farko da na je ba anko, ba zan yi ƙarya in ce ban ji komai ba. A bakin zaure na zauna. Kwano ya zo mini a ƙarshe, shinkafa ba nama. Wata ta ce yadda zan ji, “Ikon Allah, yau uwar anko ba anko.” Na dawo gida na yi kuka kamar ranar lefe. Na kuma bi wasu daga cikin matan da na matsa wa na nemi gafara. Yawanci dariya suka yi suka ce ya wuce. Ɗaya ba ta amsa ba. Ita ce mijinta ya kama tana ɗibar gero ya sake ta, yanzu tana gidan wanta da 'ya'ya uku. Na yi sallama ta amsa, na faɗi abin da ya kawo ni, ta ci gaba da tankaɗe kamar ba da ita nake ba. Har yau in mun haɗu a rijiya gaisuwa ce kawai, kuma ban ga laifinta ba.

Saƙin kuwa tun da muka koma gida na wanke shi na kai wa Yaya. Ta karɓa. Na ce mata, “Yaya, kin tuna abin da kika faɗa ranar da kuka kawo lefena?” Ta ce me ta ce? Na maimaita mata. Ta riƙe haɓa, “Ni na faɗi haka? Kai, ƙuruciya! Ki yafe ni, amarya, wallahi ban tuna ba.” Na tsaya ina kallonta, na ga da gaske take.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce muka aurar da babbar 'yata. Na roƙi gwaggonninta kada a ƙirga lefe da ƙarfi, suka ce ni ce zan canza abin da aka gada? Aka buɗe, aka ɗaga, aka murza gefe, aka ƙirga har tara. Ni ban tsaya a tsakar gidan ba, ɗaki na shiga na zauna kusa da ita, ina ta jan ta da hirar banza har aka watse. Anko kuma ban fitar ba, na ce kowa ta zo da abin da take da shi. Wasu sun ji haushi, ƙawayenta suka yi nasu a tsakaninsu, ban hana ba.

Daren kai amarya, an gama yi mata faɗa, mota na jira a ƙofar gida, sai ga Yaya da abu a hammata. Ta warware saƙin ta lulluɓa mata tun daga ka har ƙafa, a kan sabon leshinta. 'Yan mata suka fara ƙunƙuni wai zai ɓata hoto, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce rabonta da ganin irin wannan tun tana budurwa. Washegari bayan buɗar kai Yaya ta ninke abinta ta dawo da shi gida. Sau biyu ina kai mata 7,000 ɗin, har na ƙara da kuɗin hula ɗaya. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Yana gindin akwatinta, in ruwa ya ɗauke takan fito da shi ta shanya a igiyar da ke tsakanin sashenta da nawa.